Haɗe Layin Baro da na Ikko a 1912: An Cuci Arewa ko An Cece Ta?

Ɗan Minna: Jama'a, ni dai ra'ayina ke nan, kowa ya ɗauka yadda ya ga dama. Ranar da aka haɗe layin dogon Baro zuwa Kano da na Ikko a 1912, ranar Arewa ta rasa ƙofarta. Layin Baro namu ne, Gwamnatin Arewa ce ta shimfiɗa shi a zamanin Gwamna Girouard, aka fara a 1907, ya isa Kano a 1911. Manufar ita ce kaya su sauka Baro, su shiga jirgin ruwa, su bi Kwara har teku, ba sai sun ratsa Ikko ba. Da aka mai da su hukuma ɗaya, sai komai ya karkata Ikko, Baro ta zama kufai.

Baba Mai Ritaya: Ɗana, ka taɓa tsayawa bakin Kwara da rani kuwa? Manyan jiragen ruwa ba sa iya kaiwa Baro sai kogi ya cika a ƙarshen damina. Gyaɗa kuma da kaka ake tara ta, lokacin ruwa ya soma ja. Sai ka jibge buhuna a tasha kana jiran damina mai zuwa, ƙwari na ci? Kogin ne ya kashe Baro, ba takardar Bature ba.

Ɗan Minna: Allah ya ƙara girma, Baba, amma layin Ikko ma ai da nasa cikas. Ba a gama gadar Jebba da ke kan Kwara ba sai 1916. Kafin nan a jirgin fito ake tsallakar da taragu.

Baba Mai Ritaya: To da aka gama fa? Gada sau ɗaya ake gina ta. Yashin kogi kuwa kullum sai ya dawo.

Malamar Tarihi: Ku yi mini haƙuri in shigo. Malam, kalmar "namu" ɗin ce nake tababa a kanta. Gwamnatin Arewa ta lokacin ba ta iya riƙe kanta, tallafi take karɓa daga Ingila da kuma kuɗin kwastan na Kudu. Abin da talaka ya zuba shi ne ƙarfinsa: ta hannun sarakuna da hakimai aka riƙa ɗibar mutane aikin tilas, suna haƙa da ɗaukar ƙasa a ka. Kuma ba don Bakano aka yi layin ba, auduga Turawa suke so wa masaƙunsu. Manoma ne suka ga gyaɗa ta fi tsoka, suka juya musu lissafi.

Bazazzagi: Wallahi haka ne, Malama. Kuma duk rassan da suka biyo baya, bayan haɗewar aka yi su. Zariya zuwa Ƙauran Namoda 1929, Kano zuwa Nguru 1930, na gabas daga Fatakwal ya hau ta Kafanchan, Maiduguri kuwa sai 1964. Wane aljihu Arewa ita kaɗai za ta yi wannan da shi?

Ɗan Minna: Yaya, ka ƙarfafa mini hujja ba ka sani ba. Ɗauko taswira ka duba: kowane reshe teku ya nufa. Ina wanda ya haɗa Sakkwato da Katsina? Ko ɗan ƙaramin layin Zariya zuwa Bukuru da aka yi don kuza, da na Kafanchan ya ɗauke masa kaya, rufe shi aka yi a 1957.

Malamar Tarihi: Nan kam ka yi gaskiya, sai dai ka sauya magana. Na Baro ɗin ma teku ya nufa.

Baba Mai Ritaya: Kuma ka tambayi kanka wa ya ci ribar haɗewar. A Minna aka haɗa layukan biyu, ɗana. Garinku da kake taƙama da shi, tashar reluwe ce ta raya shi.

Ɗan Minna: Ban musa ba, Baba. Amma a bar ni da Baro ɗina. Ko a yashe kogin ai an iya, in da an so.

Bazazzagi: An soma yashen ai a zamanin Yar'aduwa. Jirgi nawa ka gani?