Cikin wata shida, fitsari na zubo min idan na yi atishawa: wane motsa jiki ya dace?

Maman Ikram:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da cikin wata shida, haihuwa ta uku ke nan in Allah ya sauke ni lafiya. Da zarar na yi atishawa ko tari, ko na ɗaga bokiti, sai fitsari ya ɗan zubo, har ta kai sai na sake tsarki da canza zani kafin kowace salla. A wurin awo an ce in riƙa "matse ƙasa", amma ba a nuna min yadda ake yi ba. Wasu kuma sun ce mai ciki kwanciya ce tata, bayan arba'in a nemi kayan matsi. Don Allah masu sani, yaya ake wannan matsewar, sau nawa a rana, wane motsa jiki ne ba zai taɓa cikin ba, kuma yaushe ake komawa bayan haihuwa?

Malamar Fisiyo:

Wa alaikumus salam Maman Ikram, Allah ya raba lafiya. Ni ma'aikaciyar fisiyo ce, wato masu gyaran jiki ta hanyar atisaye. Abin da kika faɗa raunin tsokar ƙasan mara ne, kuma yana gyaruwa. Tsoka ce da ta shimfiɗu daga ƙashin gaba zuwa ƙarshen ƙashin baya, tana tallafe da mafitsara da mahaifa da hanji kamar yadda zanin goyo ke tallafe yaro. Hanyar fitsari da gaba da dubura duk ta cikinta suka ratsa. Idan kika yi atishawa, ciki yana turo nauyi ƙasa a lokaci guda, in tsokar ba ta kame da wuri ba sai fitsari ya sami hanya. Nauyin cikin nan, da sassaucin da juna biyu ke kawo wa jijiyoyi, da haihuwa biyun da suka wuce, su suka haɗu a kanta.

Ga yadda ake yi. Ki yi fitsari tukuna. Ki kwanta ta gefe, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, ko ki zauna a kujera ƙafafu a ƙasa. Ki matse dubura kamar kina riƙe iska a cikin mutane, sannan ki kawo matsewar gaba kamar kina tare fitsari, ki ja su sama zuwa ciki. Ki riƙe kina ƙirgawa a fili, domin ƙirga a fili shi zai hana ki riƙe numfashi. Idan daƙiƙa 3 kika iya yau, to daga 3 za ki fara, ana ƙarawa a hankali har a kai 10. Ki saki gaba ɗaya, ki huta daidai tsawon da kika riƙe. A maimaita sau 8 zuwa 10. Daga nan ki yi na sauri guda 10: matse, saki, matse, saki. Wannan zama ɗaya ke nan, kuma sau uku ake so a rana. Ki ɗaura shi a kan salla, bayan Asuba da Azahar da Isha'i, kina nan zaune a kan darduma, ba za ki manta ba. Idan kin ƙware a kwance da zaune, ki koma yi a tsaye, tunda a tsaye ne fitsarin ke zubowa.

Inda aka fi yin kuskure: mace ta matse cinyoyi da ɗuwawu ta ɗauka shi ke nan, ko ta riƙe numfashi ta yi yunƙuri ƙasa kamar mai bahaya. Wannan na biyun ya fi rashin yi muni, domin ƙara tura tsokar ƙasa yake yi. Ki duba da madubi: fatar da ke tsakanin gaba da dubura ya kamata ta ɗan shige ciki idan kin matse. Idan bultsowa ta yi, kina yin akasin abin da ake so. Sakin ma darasi ne, kada a raina shi, domin ranar naƙuda tsokar da ta iya saki ita ake buƙata. Kuma kada ki mayar da tsayar da fitsari a banɗaki atisayenki na kullum, yana hana mafitsara juyewa sarai.

Akwai dabarar da ke taimakawa tun a makon farko: kina jin atishawa ko tari na tahowa, ko za ki ɗaga yaro, ki riga shi matsewa, ki riƙe har ya wuce. Ƙarfin tsokar kansa kuwa sai an jure, aƙalla wata uku ana yi kullum. Wani likitan mata a Amurka, Arnold Kegel, shi ya wallafa wannan atisaye a 1948, shi ya sa za ki ji ana kiransa da sunansa.

Abu biyu kuma. Kada ki rage shan ruwa don gudun zubar, fitsari mai kauri ƙara tsokanar mafitsara yake yi. Abin ragewa shi ne shayi mai ƙarfi da kofi da goro da lemon kwalba. Idan kuma akwai zafi wajen fitsari, ko wari, ko zazzaɓi, a gwada fitsarin a asibiti, ciwon sanyin mafitsara magani yake so.

Sista Ungozoma:

Malama ta gama da matsewa, bari in ɗauki zancen kwanciya. Mai cikin da ba ta da matsala ba a ce ta kwanta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2020, ta ce mai ciki da mai jego su samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako. Minti 30 ke nan sau biyar, kuma ana iya raba shi goma-goma. Tafiya da ɗan sauri ta wadatar, ko zagayen tsakar gida ne. Ma'auninsa: numfashi ya ɗan ƙaru amma kina iya hira. In magana ta gagara, kin wuce gona da iri. A lokacin bazara a yi shi da sanyin safiya ko dab da magariba, da gorar ruwa a hannu, domin zafin jiki mai yawa ba ya yi wa ciki kyau.

Daga wata huɗu a daina daɗewa a rigingine, nauyin mahaifa yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya, sai jiri ya taso. Idan ƙugu ko ƙashin gaba na ciwo, ki haɗa gwiwoyi wuri ɗaya in za ki juya a gado, ki sa matashi tsakaninsu, ki zauna kafin ki sa wando ko siket, kada ki tsaya da ƙafa ɗaya. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce, a raba ta gida uku ko a bar wa wani.

Wadda aka ce mabiyiya ta tare mata bakin mahaifa, ko aka ɗaure mata bakin mahaifa, ko jininta ya hau da ciki, ko take da ciwon zuciya ko ƙarancin jini mai tsanani, kada ta fara komai sai likitanta ya yarda. Kowa kuma ta tsaya ta tafi asibiti idan ta ga jini ko ruwa na zuba, jiri, ciwon ƙirji, ciwon kai mai tsanani, kumburi da ciwo a sha-raɓa ɗaya, mara na murɗawa a jere, ko motsin yaro ya ragu.

Daga mako 34 ko 35 ana iya fara tausar ƙofar gaba: hannu a wanke, farce a yanke, ɗan man zaitun, babban yatsa ya shiga kamar santimita 3 zuwa 4, a danna ƙasa wajen dubura, a zagaya gefe da gefe kamar minti biyar, sau uku ko huɗu a mako. Masu haihuwar fari ta fi yi wa amfani wajen rage ƙari, amma wadda aka taɓa yi wa ɗinki ma tana iya yi. Ba a yi idan akwai ƙuraje, ƙaiƙayin sanyi, jini, ko faya ta fashe.

Ranar naƙuda, ki riƙa fitsari duk bayan awa biyu zuwa uku, mafitsara cike tana tare wa kan yaro hanya. Kada ki fara nishi sai an duba an ce bakin mahaifa ya buɗe santimita 10. Idan kai ya kunno aka ce ki dakata ki yi numfashi sama-sama, ki daure ki bi, wannan 'yan daƙiƙun su ke ba fata damar miƙewa. Kuma kada a bari kowa ya hau danna miki ciki wai don a taimaka.

Likitan Mata:

Ina so a bambanta abu biyu, domin ana haɗa su a suna ɗaya, wasu mata kuma suna cutuwa. Zubar da ke zuwa da tari ko atishawa raunin tsoka ne, atisaye na gyara shi. Amma idan bayan haihuwa fitsari na tsiyaya dare da rana, a kwance ko a tsaye, ba tare da mace ta ji shi ba, wannan yoyon fitsari ne, wato ɓula tsakanin mafitsara da gaba. Yawanci doguwar naƙuda ke jawo shi, idan kan yaro ya daɗe yana danne nama a jikin ƙashi har naman ya mutu, yankan gishiri ma yana jawowa. Matsewa ba ta toshe ɓula. A je da wuri, domin sabuwa ƙarama takan warke da robar fitsari kawai idan aka bar ta makonni. Akwai cibiyar gyaran yoyon fitsari ta Babbar Ruga a Katsina, da ta Laure a asibitin Murtala a Kano, da ta Danja kusa da Maraɗi. Naƙudar da ta kai awa 12 a gida ba a haihu ba, asibiti za a nufa.

Batun kayan matsi, Hajiya Maman Ikram, ba su da aiki a kan wannan matsalar. Alimun da ire-irensa busar da fatar gaba suke yi ta tsuke na ɗan lokaci, tsokar kuwa tana can ƙarƙashi ba su taɓa ta ba. Abin da ke biyo baya shi ne tsagewa, raɗaɗi wajen saduwa da sanyi. Wadda ke da ɗinki kada ta cusa komai. Ruwan zama ya zama mai ɗumi wanda gwiwar hannu za ta jure, minti 10 zuwa 15, a bushe wurin da tsumma mai tsabta. Ruwa mai tafasa ƙona nama yake yi, ɗinki ya buɗe.

Haka wankan jego da kunun kanwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciyar masu jego, suka danganta shi da zafi mai tsanani da gishirin da ke cikin kanwa. A sirka ruwan wanka, wadda jininta ya hau kuma ta bar kanwa. Mai jegon da ke haki in ta kwanta, ko ƙafafu suka kumbura, a kai ta asibiti a ranar.

Maman Ikram:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura ɗaure ciki da zani bayan haihuwa, yana mayar da tumbi? Idan kuma aiki aka yi min fa?

Malamar Fisiyo:

Amin. Ɗauri mai sauƙi yana ba da tallafi a makonnin farko, ba laifi. Amma tamkewar da ke hana numfashi tana tura kayan ciki ƙasa, kan tsokar da ta riga ta gaji, kuma ba ta haɗa tsokar ciki. Idan tafin hannu bai shiga tsakanin zani da fata ba, ya yi tsauri.

Matsewa a hankali ana fara ta kwana ɗaya ko biyu da haihuwa, ko da akwai ɗinki, tana ma rage kumburi. Idan da robar fitsari, a jira a cire. Wadda ta yi awa shida da haihuwa ba ta yi fitsari ba ta faɗa wa ungozoma. Bahaya na farko a tallafe wurin ɗinkin da tsumma mai tsabta, kada a yi yunƙuri. Maganin ƙarin jini yana busar da ciki, don haka a yawaita ruwa, miyar kuɓewa, zogale, alayyahu, wake da gwanda. Mai amfani da masai na zama ta ɗora ƙafa a kan 'yar kujera, gwiwa ta fi ƙugu tsawo.

Tafiya a fara da minti biyar zuwa goma, ana ƙarawa. Idan jinin biƙi ya ƙaru ko ya koma ja bayan ya fara dusashewa, jiki na cewa a rage. Daka, jan guga da ɗaukar jarka su jira mako shida, gudu da tsalle kuwa sai an kai wata uku kuma babu zuba. Wadda aka yi wa aiki ita ma tana buƙatar matsewar, domin wata taran da ciki ya yi a kan tsokar bai goge ba. Ba ta ɗaukar abin da ya fi jaririnta nauyi har mako shida, ta riƙa mirginawa gefe kafin ta tashi daga gado, ta dafe wurin ɗinkin da matashi idan za ta yi tari.

Tumbin da ya ƙi komawa sau da yawa rabewar tsokar ciki ce. Ki kwanta a rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, ki jera yatsu a saman cibiya, ki ɗan ɗaga kai. Za ki ji gefen tsoka biyu sun kama yatsun. Idan bayan mako takwas ramin ya fi faɗin yatsa biyu, ko tsakiyar ciki na tasowa kamar kunyar gona idan kin yunƙura, kada ki yi atisayen tashi-zaune. Wanda ya dace shi ne ki kwanta ta gefe, ki fitar da numfashi, ki matse ƙasa, ki ja ƙasan cibiya ciki a hankali na daƙiƙa 10, sau 10.

A awon mako shida ki faɗa musu kai tsaye idan har yanzu akwai zuba, ko iska da bahaya na kuɓucewa, ko kina jin nauyi kamar wani abu na saukowa ta gaba. Ki nemi a tura ki sashen fisiyo, wanda wasu ke kira sashen gashi. Idan mahaifa ce ta ɗan sauko, akwai zoben roba da likita ke sakawa ya tallafe ta yayin da kike ci gaba da atisayen.