Wai ƙwaƙwalwa tana jin taɓi kuwa?

Ummu_Hanan:
Salam 'yan uwa. Na ga bidiyon wani ana masa tiyatar ƙwaƙwalwa idonsa biyu har yana hira da likita, wai ba ya jin zafi. To in ita kanta ba ta jin komai me ya sa in mutum ya bugu a ka yake suma, kuma ciwon kai daga ina yake zuwa kenan?

Malam_Sabo:
Wa alaikis salam Hajiya. Jin zafi daban, jin matsi daban. Naman ƙwaƙwalwa ba shi da jijiyoyin jin zafi, ciwon kai galibi daga tantanin da ya lulluɓe ta yake tasowa da jijiyoyin jini da tsokokin kai. Amma ƙwayoyin halittarta suna ganewa in an danne su ko an ja su, saboda a fatar ƙwayar akwai wasu 'yan ƙofofi na furotin, da zarar fatar ta miƙe sai su buɗe, sinadaran kalsiyam da sodiyam su kwararo ciki, shi kenan matsi ya koma saƙon lantarki. Fitattu a cikinsu su ne Piezo1 da Piezo2, Ardem Patapoutian da abokan aikinsa suka gano su a Amurka a 2010, ya kuma samu kyautar Nobel a 2021.

DanBoko:
Batun suma kuwa ai wannan ya wuce aikin 'yan ƙofofi. Ƙwaƙwalwa a cikin ruwa take, in kai ya fizgu da ƙarfi kamar a hatsarin mota sai ta girgiza ta murɗe, dogayen zaren jijiyoyin nan masu kai saƙo su miƙe fiye da kima, kalsiyam ya yi musu yawa, wasu su kumbura su tsinke daga baya. Shi ya sa za ki ga mutum ba jini ba karaya amma ya rikice, kuma ba lallai hoton ƙwaƙwalwa na farko da aka ɗauka a asibiti ya nuna komai ba.

Malam_Sabo:
Haka ne. Ni abin da ya fi ban mamaki ma binciken da aka yi a Jami'ar Kambirij ta Ingila a 2016 kan tayin kwaɗo, jijiyoyin ido in suna tsirowa zuwa cikin ƙwaƙwalwa laluben hanya suke, suna karkata wajen da naman ya fi laushi, da aka toshe Piezo1 sai suka kauce hanya.

Ummu_Hanan:
Ikon Allah! To hasken nan da ake gani in an murza ido fa?

DanBoko:
Matsi ne ya tada ƙwayoyin halittar da ke can bayan ido, ƙwaƙwalwa kuma duk saƙon da ya zo ta wannan hanyar haske take ɗaukarsa. Amma a daina murzawa da ƙarfi Hajiya.