Tambaya: ta yaya ƙauyen da bai wuce mutum 50 ba yake da magadan gari biyu?

Malamin Birni:
Assalamu alaikum jama'a. Ina koyar da tarihi da labarin ƙasa a nan Damagaram, kuma ina shirya darasi a kan rabuwar Jamus bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A cikin bincikena na ci karo da wani ƙauye mai suna Mödlareuth, wanda aka ce katanga ta taɓa raba shi biyu kamar yadda ta raba birnin Balin. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, an ce har yau hukumomi biyu ne ke mulkinsa, alhali Jamus ta haɗe tun 1990. Me ya hana a mayar da shi ƙarƙashin hukuma ɗaya, tun da katangar ta faɗi?

Ɗan Zango:
Wa alaikumus salam, Malam. Amsar tana cikin wata 'yar ƙorama mai suna Tannbach wadda ta ratsa tsakiyar ƙauyen, ƙoramar da ko yaro zai iya tsallake ta. Ita ce iyaka, kuma ta girmi katangar nesa ba kusa ba, domin tun 1810 aka kafa duwatsun iyaka a bakinta, ɓangare ɗaya na masarautar Bavariya, ɗayan kuma na wata ƙaramar sarauta mai suna Reuss, wadda daga baya ta shiga cikin jahar Turingiya. Fiye da shekara ɗari iyakar ba ta dami kowa ba: makaranta tana ɓangaren Reuss, ibada kuma ana zuwa majami'ar Töpen a ɓangaren Bavariya, ana auratayya ana noma tare.

A 1945 ne lamarin ya sauya, lokacin da Turingiya ta faɗa hannun Tarayyar Sobiyet, Bavariya kuma hannun Amurka; daga baya Turingiya ta kasance cikin Jamus ta Gabas, Bavariya kuma cikin Jamus ta Yamma. A 1952 hukumomin Jamus ta Gabas suka kafa shingen katako, sannan a 1966 suka gina katangar kankare mai tsawon kimanin mita 700, wadda tsayinta ya haura mita 3. Sojojin Amurka ne suka laƙaba wa wurin suna Ƙaramin Balin. Mutum yana hango rufin ɗakin ɗan'uwansa, amma ko ɗaga masa hannu daga ɓangaren gabas an hana. An buɗe ƙofar masu tafiya a ƙasa ranar 9 ga Disamba 1989, wata guda cif bayan ta Balin, aka kuma rushe mafi yawan katangar ranar 17 ga Yuni 1990. To, abin da ya faɗi shi ne iyakar ƙasa da ƙasa. Iyakar jaha da jaha tana nan a bakin ƙoramar.

Hajiya ta Garin Malam:
Malam, bari in ƙara kan abin da ƙanena ya faɗa, ta fuskar mulki, domin a nan ne ɗalibai za su fi rikicewa. Mödlareuth ba ƙaramar hukuma ba ce mai zaman kanta, saboda haka magadan garin nan biyu ba a cikin ƙauyen suke zaune da ofisoshinsu ba. Ɓangaren Bavariya yana ƙarƙashin ƙaramar hukumar Töpen ne, a gundumar Hof, na Turingiya kuwa yana ƙarƙashin garin Gefell, a gundumar Saale-Orla. Jamus tarayya ce mai jahohi 16, kowace da majalisarta da dokokinta a kan ilimi da 'yan sanda da tsarin ƙananan hukumomi, ba kamar jahohinmu na Nijar ba, inda gwamna naɗaɗɗe ne daga Yamai. Don haka maƙwabta biyu da ƙorama ta raba suna da lambar gidan waya daban, lambar tarho daban, lambar motar wannan tana farawa da HO, ta wancan da SOK, kuma hutun makarantar 'ya'yansu ma ba lallai ya zo rana ɗaya ba. Sauya iyakar jaha kuwa ba abu ne da magajin gari zai yi da sa hannu ba, sai gwamnatocin jahohin biyu sun yi yarjejeniya, kuma ban ga dalilin da zai sa su ɗauko wannan ɗawainiya a kan gidaje 'yan kaɗan waɗanda babu abin da ke hana su zirga-zirga ba.

Malamin Birni:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Ina tunanin in kwatanta wa yara da Ɗan Barto da Kwangwalam, inda iyakar Turawa ta raba Hausawa tsakanin Nijar da Najeriya. Kwatancen ya yi?

Ɗan Zango:
Ya yi rabi, Malam. Zai taimaka wajen nuna yadda dangi ɗaya ke kwana ƙarƙashin hukumomi biyu, amma a ja hankalinsu cewa tamu iyaka ce tsakanin ƙasashe biyu masu kuɗi daban da harshen hukuma daban, ta Mödlareuth kuwa yanzu ta cikin gida ce, kuma mu ba a taɓa gina mana katanga da hasumiyar masu gadi ba. Idan kana neman hotuna don allo, an bar wani yanki na katangar da hasumiya a tsaye, an mai da wurin gidan tarihi, kuma George Bush babba ya ziyarci ƙauyen a 1983 yana mataimakin shugaban Amurka.