Jirgina yana karkata hagu, lissafi kuma ya ce lafiya lau

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙaramin jirgi mai rimot na haɗa don aikin kammala digiri, farfela ɗaya ce a hanci, mai inci 10. Na gwada fasalinsa a XFLR5, manhajar kwamfuta mai lissafin yadda iska ke bin jikin jirgi, komai daidai. Amma da na ba shi wuta sai ya kwashi hagu tun bai bar ƙasa ba. Sau uku ke nan, har fiffike ya tsage. Jelar ce ta yi ƙanƙanta, ko a lissafin na yi kuskure?

Tsohon matuƙi: Wa alaikumus salam. Ƙanena, jirginka ba shi da aljanu. Idan ka tsaya bayansa ka ga farfelar tana juyawa kamar hannun agogo, to iskar da take turowa ba miƙe take tafiya ba, murɗawa take kamar guguwa, ta zagaye jikin jirgin ta bugi tsayayyar jela ta gefen hagu. Jela ta yi dama, hanci ya yi hagu. Ga kuma ƙarfin juyin inji yana danne fiffiken hagu. Ko a Cessna 172, ƙaramin jirgin da ake koyon tuƙi da shi, fedar dama mai juya hanci dama muke takawa a duk tashi.

Injiniya: Lissafinka bai yi ƙarya ba, jirgi marar farfela ka ba shi. XFLR5 ba ya sa iskar farfela a ciki. Koma wa ka'idar Rankine da Froude: ƙarin matsin iska a bayan farfela shi ne ƙarfin turi a raba da faɗin da'irarta. Mu ce turinka niyutan 10 ne (ma'aunin ƙarfi), da'irar kuma 0.05 murabba'in mita, ka samu faskal 200 (ma'aunin matsi). A gudun mita 8 cikin daƙiƙa, iskar gari faskal 38 kawai take bayarwa. Idan ka haɗa su biyun, jelarka ke nan tana cikin matsi kusan ninki 6 na abin da kwamfuta ta zata. Shi ya sa abin ya fi tsanani a ƙaramin gudu da cikakkiyar wuta.

Mai tambaya: To in ƙara girman jelar?

Injiniya: Kada ka fara da nan, ƙarin wurin bugu za ka ba guguwar. Sa washa, wato ƙaramin zoben ƙarfe, a bayan injin ya kalli dama da digiri 2, ƙasa ma kaɗan. Wutar kuma a hankali, ba lokaci ɗaya ba.

Tsohon matuƙi: Italiyawa ma sai da suka tsawaita fiffiken hagu na jirgin yaƙinsu Macchi C.202 da santimita 21 saboda juyin inji. Kai dai gwada a fili mai ciyawa, ka turo mana bidiyo.