Jaane Jaan: waɗanda suka kalla, yaya kuka ga ƙarshensa?

Yaya Tela, Nima

Salamu alaikum jama'a. Tun da fim ɗin nan na Kareena Kapoor ya fito a Netflix ranar 21 ga Satumba 2023 ake gardamarsa a wurin shan atayarmu, ta lafa ta sake tashi, har yanzu ba a rabu da ita ba. Shi ne na ce bari in kawo ta nan, kowa ya faɗi yadda ya kalla da abin da ya tsaya masa a rai. Wanda bai kalla ba ya dakata daga nan, don za a fasa ƙwai.

Don tuni: Maya (Kareena Kapoor) ta gudu daga hannun mijinta Ajit, ɗan sanda maciyin hanci, ta je Kalimpong, garin tsaunuka a jihar Bengal ta Yamma, tana sayar da abinci tana renon 'yarta Tara. Mijin ya gano inda take, ya zo da tsiyarsa, rigima ta kaure, ita da yarinyar suka shaƙe shi da wayar hita. Maƙwabcinta Naren, malamin lissafi da ya daɗe yana sonta a ɓoye, ya ce ta bar masa gawar. Sai ga Karan, ɗan sanda daga Mumbai, ya zo neman Ajit, ashe kuma tare suka yi karatu da malamin. Sujoy Ghosh ne ya ba da umarni, wanda ya yi Kahaani a 2012, labarin kuma daga littafin Keigo Higashino na ƙasar Japan aka ɗauko shi.

Ni a shago na kalla, ina kafa maɓallai ido ɗaya na kan waya. Jaideep Ahlawat da ya fito a malamin ya yi wasa, wannan ba gardama. Amma ƙarshen bai kwanta mini ba. Bisimilla.

Mman Sadiya, Mamobi

Wa alaikumus salam. Yaya Tela, ni 'yan matana ne suka sa mini shi bayan Isha'i, muna tsince waken gobe, an jingina waya a jikin kwano. Mu da muka tashi da silimar Dunia a Nima, in an ce fim ɗin Indiya abin da muka sani shi ne rawa a gonar furanni, bos da yaransa, sai uwa mai kuka. Na yi ta jiran waƙa, sai can wurin da Karan ya raka Maya gidan waƙa ta karɓi makirfo. Ƙaramar tawa ta ce, "Mma, wannan ba irin naku ba ne."

Abin da ya riƙe ni shi ne shigowar mijin cikin gidan. Yadda ya zauna kamar gidan ubansa, yadda yake kallon yarinyar. Na ajiye tire ban sani ba. A gidan hayar da muka taɓa zama akwai wata baiwar Allah da mijinta ke dukanta, katako ne kawai tsakanin ɗakinmu da nasu, komai muna ji. Da safe ta fito da kumburarren ido ta ce ƙofa ta buge ta, mu kuma mu ce sannu. Saboda haka ni ban ga laifin Maya ba ko kaɗan. Ana cewa me ya hana ta kai ƙara. Mu nan Ghana muna da dokar hana cin zarafi a cikin gida tun 2007, akwai kuma DOVVSU, sashen 'yan sanda mai kula da irin wannan ƙara, duk da haka mata nawa ne ke zuwa? Balle ita da mijin nata shi ne ɗan sandan. Wurin wa za ta kai shi?

Ticha, Madina

Hajiya, ina bayanki a kan kashin farko. Tashin hankalin yana a na biyu ne.

Ni lissafi nake koyarwa, shi ya sa 'yan ajina suka dame ni wai an yi fim a kaina. Littafin na riga karantawa. Ya fito a Japan a 2005, ya ci kyautar Naoki, fassarar Turancinsa mai suna The Devotion of Suspect X ta fito a 2011, ita na samu a wurin masu tsofaffin littattafai. Dabarar malamin iri ɗaya ce a littafi da fim: bai tsaya ɓoye gawa kawai ba, sai ya matsar da ranar kisan. Washegari ya samu wani mara galihu da ke kwana a waje, ya kashe shi, ya farfasa fuskar yadda ba mai gane ta, ya bar alamun da za su sa a ɗauka mijin ne. Ya kuma sa uwa da 'ya suka je silima da wurin cin abinci a wannan rana ta biyun, suka adana tikiti. To duk tambayar da 'yan sanda suka yi wa matar a kan ranar, gaskiya take faɗa, don ba ita ce ranar da ta yi kisa ba. A littafin kisan gaske 9 ga Maris aka yi shi, hukuma kuma ta ƙare ƙarfinta a kan 10 ga wata. Malamin yana da salon jarrabawa da yake wa ɗalibansa: tambaya ta zo da kamannin jomatiri alhali aljabara ce. Mu ma muna yi wa yara haka gab da BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, don mu ga wanda ke karanta tambaya da wanda ke haddace hanya.

Inda suka rabu biyu ne. Na farko, a littafin mutum biyu ke bin sawun: ɗan sanda Kusanagi, da Yukawa masanin kimiyyar fiziks, tsohon abokin malamin, wanda shi ne ya gano komai kuma gano ɗin ya yi masa ciwo. Fim ya narkar da su ya fitar da Karan, ya ƙara masa da kwaɗayin matar. Vijay Varma da ya fito a Karan ya iya wasa, amma an rage wa malamin abokin karawa. Na biyu shi ne babba. A littafin an gaya wa matar, Yasuko, cewa an kashe wani saboda ita. Ta kasa ɗauka, ta kai kanta wurin 'yan sanda ta faɗi gaskiya. Da malamin ya gan ta a can ya gane duk abin da ya gina ya rushe, sai ya fashe da wani irin kururuwa. A nan littafin ya tsaya. Fim kuwa ya sallami Maya, ya bar malami a kurkuku hankali kwance yana lissafinsa. Na kashe talabijin ina jin an ɗauke wa labarin ƙashin baya.

Ɗan Fadama

Ticha ka cika bayani, har na ji kamar za ka ba mu aikin gida. Ni karen motar haya ne, wato trotro, Kaneshie zuwa Lapaz, in na dawo gida jikina ba nawa ba ne. Daren farko barci ya sace ni tun malamin yana tafiya cikin hazo yana sayen soyayyiyar shinkafarsa. Dare na biyu aka ɗauke wuta waya ba caji. Da ƙyar na kai ƙarshe, data ta cinye mini kuɗin koko na sati. Fim ne mai nawa, sama da awa biyu ana raɗa. Ni Drishyam na Ajay Devgn na 2015 ya fi mini, can ma wasa da ranaku aka yi, amma jininka na tafasa tun daga tsakiya. Abu ɗaya na ƙaru da shi: duk maƙwabcin da ba ya magana, yana gaishe ka da kai kawai, a riƙa kai masa tuwon salla.

Mai Waya, Circle

Kun yi ta maganar Maya da malami, har Ticha ma da ya ambaci mutumin sai ya wuce. Ni a kan mara galihun nan na tsaya, ban iya wucewa ba.

Shagona yana kusa da gadar sama ta Circle a Accra. Akwai wani bawan Allah da ya daɗe yana kwana a ƙarƙashinta, a kan kwali, da buhu ɗaya da yake matashi da shi. Ba ya roƙo, ba ya zagi. Kullum da safe mai koko takan zuba masa a leda ta haɗa da ƙosai biyu, ya karɓa da hannu biyu, ya koma gefen ginshiƙi ya juya wa titi baya kafin ya sha. Wani lokaci in na buɗe shago yakan ɗaga mini hannu. Wata safiya babu shi. Kwalin na nan, buhun babu. Mai koko ta tambaya, na tambayi masu gyaran takalmi, kowa ya ce wataƙila ya koma Kaneshie, wataƙila 'yan'uwansa sun zo. Sati bai cika ba wani ya shimfiɗa tabarmarsa a wurin. Babu wanda ya je ofishin 'yan sanda, har da ni, don in ka je sunan wa za ka ce ya ɓata?

Da fim ya nuna yadda malamin ya zaɓi wanda zai kashe, jikina ya yi sanyi, don lissafinsa daidai ne. Ya san ba mai nema. Abin da ya ƙona mini rai shi ne fim ɗin ma ya bi malamin a kan wannan lissafi. 'Yan daƙiƙu aka ba mutumin, aka koma kan fuskar malami da kiɗa mai taushi. Yaran shagona muka kalla tare, ana gamawa ɗaya ya ce, "Kai, wannan shi ne so." Na tambaye shi mutum nawa aka kashe a fim ɗin, ya ce ɗaya. Sai da ya yi tunani ya ce au, biyu.

Baba Liman, Sabon Zango

Mai Waya, Allah ya yi maka albarka. Ni ban cika kallo ba, jikana ne ya matsa. Aya ta 32 a Suratul Ma'ida ba ta ware mai gida da mara gida ba: wanda ya kashe rai ba da hakki ba kamar ya kashe mutane duka ne. Matar tana da abin faɗa a gaban alƙali, kare kanta da 'yarta ta yi. Da ta tsaya a nan, da magana ta yi sauƙi. Malamin ne ba shi da hanzari ko ɗaya.

Anti Balki, Ashaiman

Baba, a gafarce ni, ni fa ina ganin da gangan mai fim ya yi haka. Ya bar mu ne mu tafa wa mai kisa, sannan mu kwana muna jin kunyar tafin. In da Maya ta je ta tona kanta, da kowa ya samu sauƙi ya ce to an yi adalci, a tafi a kwanta. Yanzu ga shi har yau muna magana. Kuma ku tuna dalilin malamin: yana gab da rataye kansa ta ƙwanƙwasa masa ƙofa, ita ba ta ma san ta ceci rai ba. A wurinsa ran da yake yawo da shi nata ne.

Ɗaliba, Legon

Anti, in nasa ne ya ba ta, ba mai hana shi. Na wani ya ɗauka ya biya bashinsa da shi. Kuma ni tun kafin kisan mutumin nan yake ba ni tsoro. A hostel muka kalla mu shida a kan kwamfuta ɗaya, muna ganin yadda yake zuwa shagonta kullum, yana sauraron motsinta ta bango, sai wata ta ce a tsayar, ta tashi ta murza wa ƙofa makulli. Duk wadda ta taɓa zama ita kaɗai a ɗakin haya ta san irin wannan maƙwabcin. Maya ta fita daga hannun namijin da ke juya ta da duka, ta faɗa hannun wanda ke kiranta a waya da dare yana gaya mata abin da za ta ce da inda za ta je. Ba a taɓa tambayarta ko ta yarda a kashe wani dominta ba.

Abin da muka yi musu a kansa bayan nan shi ne da a Ghana ne me zai same shi. A Yulin 2023 majalisa ta soke hukuncin kisa a kan manyan laifuffuka irin wannan ta mayar da shi ɗaurin rai da rai, ɗan majalisar Madina Francis-Xavier Sosu ne ya kawo ƙudurin. To ko a nan ma kurkukun Nsawam zai tafi, ba igiya ba. Sai dai ban ga alamar zai samu shirun da zai yi lissafi a can ba.

Ticha, Madina

Anti Balki, da zan yarda da ke in da fim ya ba mutumin ko da fuska ce da za mu riƙe. A littafin tun shafukan farko ake bin malamin yana wucewa ta gefen kogin Sumida a Tokyo, ta gaban bukkokin marasa gida, ana nuna maka su ɗaya bayan ɗaya, har da wani sabon zuwa da bai gama sabawa da zaman ba. Kana ɗauka ado ne kawai na labari. Sai can ƙarshe ka gane an nuna maka wanda za a kashe tun kafin ka san za a yi kisa, kuma kai ma ba ka lura da ɓacewarsa ba. Wannan shi ne marin da ke cewa mai fim ya yi niyya, marubucin ya riga ya yi shi, ya kuma fi zafi.

Yaya Tela, Nima

Ticha, an ce wasu ƙasashen ma sun yi nasu. Wanne ne bai taɓa ƙarshen ba?

Ticha, Madina

Japan sun yi a 2008, Koriya ta Kudu a 2012, Sin a 2017. Na Japan ɗin ya bar ƙarshen yadda yake a littafi, matar ta zo ta faɗi gaskiya a gabansa. Ina da shi, da fassarar Turanci a ƙasa. In shagonka zai ɗauke mu ranar Asabar bayan Isha'i, zan zo da kwamfuta, ni zan riƙa mayarwa da Hausa saboda Hajiya da Baba Liman. Ɗan Fadama ya yi barcinsa tun da rana.

Ɗan Fadama

Ba komai Ticha. Ataya dai ta yi kauri, kuma a ba ni kujerar kusa da soket.