Wet-feltin: wane suna za mu sa wa wannan aikin ulu da Hausa?

Malamar sana'ar hannu, Mabera:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu harshe da masu aikin hannu. Akwai sana'ar da Turawa ke kira wet-feltin, mata sun fara koyonta a gida, amma sunan ya ƙi zama a bakin kowa. Aikin ba zare, ba allura, ba masaƙa. Gashin tunkiya ne wankakke tajajje, a shimfiɗa shi sala-sala, a jiƙa da ruwan ɗumi da sabulu, a yi ta murza har ya kama juna ya zama ƙyalle mai kauri. Kowane silin gashi yana da ƙananan ɓawo da ido ba ya gani. Danshi da sabulu ke sa su ɗago, murza ke sa su sarƙe, in sun sarƙe kuma ba mai warware su. Da shi ake yin ƙaramin kwano, jakar waya, hula, takalmin jarirai, duk ba ɗinki. Sunan aikin nake so, da sunan abin da ya fito. Wasu sun fara cewa "saƙar ruwa".

Masaƙi, Gidan Igwai:
Wa alaikumus salam, Malama. A bar saƙar ruwa don Allah. Saƙa sai da zaren tsaye da na kwance, ko kuwa madauki cikin madauki irin na kwarashi. Nan babu ko ɗaya. In kika ce saƙa, ɗaliba za ta nufi kasuwa ta sayo ulun ƙulli na saƙa rigar sanyi, wanda mafi yawansa zaren roba ne, ta kwana tana murza bai kama ba. Gwajinsa mai sauƙi ne: a kusanta sili ga ashana. Na tunkiya yana warin gashi ƙonanne, ya bar toka mai murmushewa. Na roba narkewa yake yi ya dunƙule da tauri.

Majemi, tsohuwar kasuwa:
Abin da ya sa ba mu da kalmar tun asali, tumakinmu ne. Uda da Balami da 'Yankasa duk masu gashi ne gajere mai ƙarfi, ba ulu ba. Ko an aske su an tara, ba ya sarƙewa, zubewa yake. Waɗanda tumakinsu ke da ulu kowa da sunansa: Turkawa keche, Farisawa namad, Kirgizawa kiyiz, har UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa darduman Kirgizawa na wannan aikin cikin kayan gadon da ke buƙatar kariya a 2012. A yankinmu na Afirka ta Yamma akwai tunkiyar Masina ta ƙasar Mali mai ulu, ita ma Fulanin can barguna suke saƙawa da shi. To wanda zai yi aikin nan a Sakkwato, sayo ulun zai yi daga waje. A nemi na tunkiyar da ake kira merino mai laushi, mai maikiron (awon kaurin sili) 19 zuwa 23, kuma a tabbata ba wanda aka yi wa maganin hana tsukewa a injin wanki ba ne, don wannan an rufe masa ɓawon, ba zai kama ba.

Malamin Larabci, Ƙofar Atiku:
Kalmar ta taɓa shigowa Hausa, sai dai ta bi wata hanya. Larabawa na kiran wannan ƙyallen libdu, aikin kuma talbid. Tushen yana cikin Alƙur'ani, "lubada" a Suratul Balad da "libada" a Suratul Jinn, duka da ma'anar abin da ya taru ya hau kan juna. Ɗaliban fiƙihu kuma sun san talbid a babin aikin hajji, inda mai harami ke manne gashin kansa da ƙaro. Daga libdu ɗin nan lifidi ya fito, wanda 'yan lifida ke sa wa dawaki ranar hawa. Me zai hana mu ce lifidin ulu?

Masaƙi, Gidan Igwai:
Allah gafarta Malam, asalin ya yi kyau, amma lifidi a kunnen Bahaushe ƙyalle ne da aka cusa wa auduga aka bi da ɗinki. Sunan yana da mai shi. In an ce lifidin ulu, tela za a nema.

Mai wannan sana'a, Arkilla:
Bari in shimfiɗa yadda ake yin abu mai kogo, wataƙila sunan ya fito daga hannu, don a nan ne ake gane abin da hannu yake yi a zahiri.

A ce kwano ake so mai faɗin santimita 20. Ulu yana tsukewa da kusan kashi ɗaya cikin uku, saboda haka a ninka awon sau ɗaya da rabi, a yanko da'ira mai santimita 30 daga leda mai kauri ko soson shimfiɗa marar shan ruwa. Ita za ta zauna a tsakiya ta hana sama da ƙasa mannewa. A auna ulu giram 50 zuwa 60, a raba kashi takwas daidai, huɗu kowane gefe. Ba a yanka ulu da almakashi, fizgo shi ake yi siriri-siriri. A jera salar farko duk silin na kallon gabas, ya zarce bakin ledar da santimita 2 ko 3. A yayyafa ruwan sabulu mai ɗumin da hannu zai jure, daga gorar roba da aka huda wa murfi, a ɗora guntun gidan sauro, a danna da tafin hannu har iska ta fita. A juya, a naɗo abin da ya zarce ya kwanta lif a kan ledar, sannan a jera wa wannan gefen tasa salar. Sala ta biyu ta gitta ta farko, silin na kallon arewa. Haka har huɗu. Wanda ya jera su duka fuska ɗaya, kwanonsa zai tsuke ta gefe guda ya fito a karkace.

Daga nan sai murza, kuma a nan mafi yawan aiki ke lalacewa. Minti goman farko shafa ce kawai, daga baki zuwa tsakiya, ana ɗaga gidan sauron lokaci-lokaci kada ulun ya kama shi. In aka matsa da wuri, salar ta zame ta bar huji. In aka bar baki ya yi sako-sako, sai ya ninke a kan kansa ya yi wata jijiya mai tauri da ba ta gyaruwa. Sabulu in ya yi yawa silin santsi suke yi su ƙi kama juna. Ruwa in ya yi yawa iyo suke yi. A mintsini saman da yatsu biyu: in sili ya biyo hannu da saura, in fatar ta taso gaba ɗaya ta kama.

Sai a naɗe shi cikin asabari, a mirgina sau ɗari, a warware, a juya shi kwatan zagaye, a sake, domin ta fuskar da ake mirginawa yake tsukewa. Idan ledar ciki ta fara lanƙwashewa wuri ya yi mata kaɗan, a yanka ƙaramin rami a tsakiyar gefe ɗaya, a zaro ta, a murje bakin yankan da sabulu. Ramin buɗewa yake ƙara yi, kada a yanka shi da girma. Saura aikin ƙarfi: ruwan zafi, matsa, jefawa a kan tebur, har ya yi tauri ya daina miƙewa in an ja. A ɗauraye, a sa cokali ɗaya na binega (ruwan khal) a ruwan ƙarshe ya kashe kaifin sabulu, a kifa shi kan ƙaramar ƙwarya ya bushe a inuwa. Kada a kusanto da kanwa ko bilic, suna cinye ulu.

Ni abin da hannu ke yi tun daga farko har ƙarshe, cuɗa ce.

Malamar sana'ar hannu, Mabera:
Hajiya, kin kawo ta. Cuɗa ta ƙunshi ruwa da sabulu da hannu, kamar a wanki da wanka, ta kuma ƙunshi haɗuwar abu da abu, kamar a cuɗanya. Murza ba ta da ruwa a cikinta, dunƙule kuma ƙwallo kawai za ta kawo a rai. Ke nan aikin cuɗar ulu, ƙyallen cuɗaɗɗen ulu.

Malamin Larabci, Ƙofar Atiku:
Na janye lifidi. Abu ɗaya: mai yin aikin a ce mai cuɗar ulu. Kada a gina macuɗiya, ta yi kusa da macuciya a baki.

Majemi, tsohuwar kasuwa:
Matakin ƙarshe na jefawa da matsa yana son nasa suna, don ɗaliba ta san an sauya hannu daga lallashi zuwa ƙarfi. A ara daga marina a ce bugu. Ledar tsakiya kuma shamaki.

Mai wannan sana'a, Arkilla:
Shamaki ya zauna. Bugu kuwa ina da ja: mabuga busasshen yadi suke bugawa da guduma don ya yi ƙyalli, wannan jiƙaƙƙe ne, tauri ake nema. Kirɓa ta fi kusa, tunda abu mai danshi ake kirɓawa har ya haɗe. Akwai kuma irin wannan aikin na busasshen ulu da ake yi da allura mai ƙaya, wanda cuɗa ba za ta rufe shi ba. Wannan a ce caccakar ulu. Malama, ki gwada cuɗa da shamaki da kirɓa a aji na gaba, ki ga ko ɗalibai za su riƙe su ba tare da an maimaita ba. Ki gaya masu kuma su ajiye ulun cikin leda a ɗaure, saboda asu.