Hunturun Yunwa a Jamestown

Mai Garma:
Salamu alaikum 'yan uwa. Na aza amsa-amo da "wa". Batun Jamestown ne, sansanin da Turawan Ingila suka kafa a Virginia, cikin Amurka ta yau, a 1607, da hunturun 1609 zuwa 1610 da ya kusa share su.

Mutum 104 jirage uku suka sauke,
Maza da samari, ba mace ba uwa.
Kamfanin Landan da ya turo su zinariya yake nema,
Bai damu da fartanya ba balle shukawa.
Suka kafa shinge a bakin fadama,
Ruwan kogi da gishiri, ka sha sai gudawa.
A 1609 babban jirginsu Sea Venture,
Guguwa ta jefa shi tsibirin Bamuda, ya kasa isowa.
John Smith mai samo musu masara,
Albarushi ya ƙona shi, ba zama sai komawa.
Sanyi ya sauka, rumbu wayam,
Wayyo baƙon da ya rasu babu kowa.

Uwar Biyu:
Malam, ka yi kukan baƙo ka manta mai gida,
Inda suka sauka ai ba kango ba ne ko dawa.
Mutanen Powhatan, 'yan asalin ƙasar, suka ciyar da su da farko,
Masara a kwando, ba gori ba rowa.
Fari ya kama daga 1606 har 1612,
Zoben cikin tsoffin itatuwa na shaidawa.
Gonar mai gida ita ma ta bushe,
Baƙo ya ɗaga bindiga, wai a ci gaba da aunawa.
Wa zai ba da irinsa ga mai ƙona masa bukka?
Sai masu gida suka tare hanya, ba shiga ba fitowa.

Autan Zaure:
Inna, Malam, ku ba ƙaramin ɗa wuri,
In faɗi abin da aka ci bayan rufewa.
Dawakai da farko, har da fatarsu,
Sai karnuka, ɓeraye, macizai, kyanwa.
Fatar takalmi ma ta shiga baki,
Mai fita tonon saiwa kibiya ke tarbawa.
Bakina na rawa, amma dole in faɗa,
An tone kabari, an ci gawa.
A 2012 masu haƙan tarihi suka ciro
Ƙoƙon kan yarinya mai shekara 14, ƙanwa.
Da sawun wuƙa a goshi da haɓa,
Bayan ta cika aka yi mata yankawa.

Mai Garma:
Hajiya, maganarki na karɓa hannu biyu,
Mai gida shi ma ya kwana da yunwa.
Amma yarinyar nan ba ta riƙe bindiga ba,
Ita ce ta hana idona rintsawa.
Da gwamna Thomas Gates ya iso a Mayun 1610,
Kimanin 60 ya tarar da sauran rayuwa.
Suka hau jirgi a Yuni, sun bar garin ke nan,
Jiragen sabon gwamna De La Warr suka sa su juyowa.

Uwar Biyu:
Malam, ni ma uwa ce, na yi mata hawaye,
Ba na gardama da kai a kan wannan ƙanwa.
Amma ka bi ni wata biyu gaba, zuwa Agusta,
George Percy, babba a Turawan, ya kai wa ƙauyen ƙabilar Paspahegh farmaki da ƙonawa.
Suka sare masarar da ke tsaye a gona,
Mutanen da jiya suke kukan yunwa!
Suka kama matar sarki da 'ya'yanta,
Yaran aka jefa kogi, aka harbe su cikin ruwa.
Percy da hannunsa ya rubuta haka,
Uwar ma daga baya aka yi mata kashewa.
Taka yarinyar an raɗa mata suna Jane,
An sassaƙa kamanninta ana nunawa.
Nawa yaran fa, Malam, su wane ne?
Ko sunan ɗaya ba a yi wahalar rubutawa.